Katin Kurciya

Ranar Talata da hantsi Kurciya ta ture kofin shayinta, ta ce cibiyarta na yi mata ciwo. Shekararta bakwai, kuma ba ta da raki. Ranar da ƙofa ta datse mata yatsa, sai da na ga jini a rigarta sannan na sani. Shi ya sa da na ga ta naɗe ƙafafu a kan kujera ta yi shiru, na ajiye wankin da ke hannuna.

Mu shida ne a gidan, ɗaki biyu da falo a hawa na huɗu. Ni da mijina da Kurciya, sai Yaya, wan mijina, da matarsa Anti da 'yarsu Gimbiya, wadda ta girmi tawa da wata biyar kacal. Baban Kurciya lodin kaya yake yi a wani babban sito can bayan gari, a can yake kwana, sai Asabar muke ganinsa. Duk abin da ya shafi ofis ko asibiti a hannun Yaya yake, don ya shekara goma sha ɗaya a ƙasar, yarensu ya zauna a bakinsa. Ni kuwa watana goma sha huɗu, abin da na iya bai wuce cinikin albasa da tambayar lambar bas ba.

A nan baƙo kashi biyu ne a ƙofar asibiti. Mai takardar aiki ana ba shi kati, shi da iyalinsa, su ga likita kusan kyauta. Marar takarda kuwa, kwana ɗaya a gado sai ya lashe abin da ya nema a wata biyu. Mu muna da kati. Yaya takardunsa sun mutu shekara uku da suka wuce, gyaran waya yake yi a bayan shagon wani. Duk da haka katunanmu a wurinsa suke, cikin wani ɗan akwatin ƙarfe a saman durowarsa, wai don kada su ɓata.

"Yaya, a taimaka min da katin Kurciya, in kai ta a duba ta."

Bai ɗago daga wayar da ya farke ba. "Amarya ke nan. Yaro ya yi tusa sai asibiti? Ba ta ruwan ɗumi."

"Ta yi amai sau biyu, kuma tun jiya ba ta ci komai ba."

"To bari in gama in raka ki. Ke kaɗai sai su sayar da ke kina yi musu godiya."

Bai gama ba sai bayan la'asar. Kafin lokacin ciwon ya bar cibiya ya sauko gefen dama.

Likitan da muka samu saurayi ne, idanunsa sun yi ja don gajiya, ga mutum kusan talatin suna jira a waje. Ya danna cikinta ta saman riga. Da ya zo gefen dama Kurciya ta riƙe masa hannu ta cije leɓe. Ya juya ga kwamfuta ya yi ta karatu, sannan ya yi wa Yaya wata tambaya. Kalma ɗaya na tsinta a ciki, afendis, don an taɓa yi wa ƙanena aikinsa a gida, ni na yi jinyarsa. Yaya ya amsa da sauri yana gyaɗa kai. Na kama rigar Kurciya zan ɗaga don likitan ya gani da kyau, sai Yaya ya sa hannu ya ja ta ƙasa.

"Rufe ta, ɗakin nan da sanyi."

"Me ya ce?"

"Ya ce ba afendis ba ne. Wata cuta ce ke yawo a makarantu. Ruwa da hutu, shi ke nan."

"Ta yaya ya sani, bai yi mata hoto ba?"

"Ke kika yi karatun likitan ko shi?"

Takardar da likitan ya miƙo, ni ya miƙo wa. Yaya ya riga ni karɓa, ya ninke ta huɗu, ya haɗa da katin ya sa a aljihu.

Laraba zazzaɓi ya rufe ta. Na yi ta goga mata tsumma mai sanyi, ina ba ta ruwa cokali-cokali, yana dawowa. Abin da ya fi tsaya min a rai ranar shi ne Anti. Faccalata ce, ba mu taɓa sa-in-sa ba, amma ko ɗankwalina ba ta taɓa wankewa ba. Ranar sai ga shi ta ƙarasa wankin da na bari, ta shanya, ta goge, ta kawo min shayi har bakin gado. Duk abin nan idonta na ƙasa. Ni kuwa alherin da ya zo ba gaira ba dalili, yakan sa in waiwaya in duba bayana.

Na kira Baban Kurciya lokacin hutunsu na rana.

"Yaya ya kira ni," ya ce. "Ya ce likita ya ce ba komai."

"Har ya riga ni?"

Ina jin ƙarar motocin lodi a bayansa, na ci gaba da magana.

"Ka ce ya ba ni katinta. Zan mayar da ita gobe, jikin ba daɗi."

"Katin kuma me za ki yi da shi? Ki bi abin da Yaya ya ce kawai."

Na daɗe ina kallon wayar bayan ya kashe. Mutumin da idan Kurciya ta yi atishawa sau uku sai ya kira sau biyar, yau shi ke tambayata abin da zan yi da katin asibiti.

Alhamis ba ta iya miƙewa sosai, a duƙe take zuwa bayi kamar tsohuwa. Gimbiya ta dawo makaranta, ko jakarta ba ta ajiye ba ta zo ta zauna a bakin gado tana shafa mata kai.

"Ki kwanta ta wannan gefen, ki naɗe ƙafa," ta ce. "Ni ma haka nawa ya yi."

Ina matse tsumma a roba. Na tsaya. "Yaushe naki ya yi haka, Gimbiya?"

"Lokacin da kuka tafi gida wajen Kaka."

Wata takwas ke nan. Mahaifiyata ta kwanta ciwo, na tafi da Kurciya muka yi sati shida. Da muka dawo ba wanda ya ce min wani ya yi ko mura.

"Kin ga," ta ce, ta ɗaga rigar makarantarta. Tabo uku ne ƙanana, ɗaya a cibiya, biyu a ƙasa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. "Barci suka sa ni. Baba ya ce idan an tambayi sunana in faɗi sunan Kurciya na makaranta, in ce Baffa ne babana. Ban yi kuskure ba ko sau ɗaya. Har alewa Baffa ya saya min."

Baffa shi ne mijina.

"Gimbiya, zo ki cire kayan makaranta." Anti ce a bakin ƙofa, ludayi a hannunta yana ɗiga a kan tayil.

Na bi ta kicin na tura ƙofa. Ban ɗaga murya ba, saboda yara.

"Anti, a kwamfutar asibitin nan an rubuta an riga an cire wa 'yata afendis, ko?"

Ta juya min baya tana motsa tukunyar da ba ta bukatar motsi. "Da kin ga yadda take birgima a ƙasa ranar. Kuɗin da aka ce marar kati zai biya, ko mun sayar da kanmu ba zai kai ba. Ke ma uwa ce, Maman Kurciya."

"Ban ce da kun bar ta ta mutu ba. Da ina nan, wataƙila da hannuna zan miƙa katin. Abin da nake tambaya, me ya sa shekaranjiya aka bar likita ya yarda babu abin da zai nema a cikin 'yata?"

"Wannan sai ki tambayi maza."

Na tambaye su. Da Yaya ya dawo bayan magariba na tare shi a falo, na kira mijina na buɗe muryar wayar na ajiye a kan tebur. Yaya bai musa ba. Ya cire takalmi a hankali, ya jera su, ya zauna.

"To, tunda yarinya ta yi surutu, ki ji. Idan kika koma can kika buɗe baki, za su gane an yi amfani da katin. Ni da iyalina kora ce. Mijinki shi ya sa hannu a matsayin uba, takardarsa za su ƙwace. Gida biyu za ki rushe a kan ciwon cikin da ba a ma tabbatar ko mene ne ba."

"Ba a tabbatar ba ne saboda ka hana a duba."

"Akwai wani likita da ke ganin mutanenmu, ba ya tambayar suna, kuɗi hannu kawai. Ranar Asabar mijinki zai karɓi albashi, mu kai ta. Kwana biyu ne fa." Ya zaro wata leda daga aljihu, ƙwayoyi ne farare ba kwali ba suna. "Ga wannan, wani abokina ya ce shi ake ba su."

"Baban Kurciya, kana ji?"

Muryarsa ta fito can ƙasa. "Ki yi haƙuri zuwa Asabar. Yaya ne ya kawo ni ƙasar nan, shi ya ci da ni shekara guda ba ni da aiki. Ba zan zama sanadin korarsa ba. Allah zai kiyaye."

"Ka san abin da aka rubuta a kanta?"

"Wallahi ban ɗauka zai zama matsala ba. Wa ya taɓa tunanin ita ma irinsa zai same ta?"

Yaya ya ce, "Amarya, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Ruɓewar nake gudu, Yaya."

Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Na ji ƙarar kwaɗon akwatin, yana gwada ko a kulle yake. Ƙwayoyin kuwa a bayan gida na zuba su.

Juma'a da safe Kurciya ta buɗe ido ta ce, "Mama, ya daina."

Anti ta yi hamdala har sau uku. Yaya ya leƙo yana ɗaura agogo, fuskarsa a sake. "Kin gani? Gaggawa aikin shaiɗan. Da yanzu kin tara mana jama'a a banza." Ya sa makullin akwatin a aljihu ya fita da Gimbiya, zai ajiye ta makaranta ya wuce shago.

Na so in yi murna, amma hannuna na kan goshinta, kuma goshin kamar murfin tukunya. Leɓenta ya bushe ya tsage, idanun sun faɗa. Na taɓa cikin, ya yi tauri kamar katako. A lokacin na tuna abin da wata ma'aikaciyar jinya ta gaya min ina jinyar ƙanena. Ta ce wannan ciwo, idan ya yi ta azaba sai ya yi shiru farat ɗaya, ba sauƙi ba ne, fashewa ya yi.

Na shiga ɗakin Yaya, abin da ban taɓa yi ba. Akwatin da kwaɗo a gaba, amma 'yan kusoshi huɗu ne ke riƙe da murfin ta baya. Na ɗauki sukurudirebarsa ta gyaran waya na kwance su ɗaya bayan ɗaya. Katunanmu uku na ciki, da takardar ranar Talata a ninke. Na kwashe duka.

Anti na tsaye a ƙofa tana kallona. Ba ta taya ni ba, ba ta hana ni ba. Da na saɓi Kurciya a kafaɗa, sai ta ɗauki takalman yarinyar ta biyo ni har ƙasa. Ita ta tsayar da tasi, ita ta faɗa wa direba sunan asibitin. Ta miƙo min takalman ta taga.

"Idan ya tambaya, ki ce ina bayi lokacin da kika fita."

A sashen gaggawa wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta karɓi katin, ta fara karanta kwamfuta. Na ga tana shirin faɗar abin da aka faɗa ranar Talata. Na kwantar da Kurciya a kan benci, na ɗage rigarta har ƙirji, na kamo hannun matar na ɗora a kan cikin. Na ce afendis, na ja yatsana a kan fatar kamar wuƙa, na girgiza kai. Na nuna kwamfutar, na sake girgiza kai.

Ta dube ni. Ta sunkuya ta haska cibiyar da 'yar fitila, ta duba ƙasa, ta duba gefe. Ta koma ta kalli kwamfutar. Sannan ta danna wani maɓalli a bango, kafin in ƙifta ido an kawo gado mai taya da wata likita mace. Aka miƙo min waya.

"Sannu, 'yar'uwa," aka ce da Hausa, muryar mace. "Ni tafinta ce. Asibiti ke biyana, ba za ki ba da ko sisi ba. Duk baƙon da bai iya yaren ba yana da damar a kira masa irina."

Wata goma sha huɗu ina bin bayan Yaya kamar akuyar da aka ɗaure, bai taɓa gaya min haka ba.

"Likita tana tambaya, an taɓa yi wa yarinyar nan aiki?"

"Wuƙa ba ta taɓa shiga jikinta ba."

"Ta ce a rubuce yake an cire mata afendis wata takwas da suka wuce."

"Ki ce mata takarda ta faɗi nata, ga ciki nan shi ma ya faɗi nasa. Ta zaɓi wanda za ta yarda da shi."

Likitar ba ta ƙara tambaya ba. Aka yi hoto, ba a cika awa ɗaya ba aka shiga da ita. Ya fashe kuwa, ruwan ya bazu a ciki. Awa uku suka yi a kanta. Tafintar ta gaya min likita ta ce da an kai Asabar, ba ta jin za a yi maganar aiki.

Baban Kurciya ya iso da yamma da kayan aikinsa a jiki. Ya tsaya a bakin gadon yana kallon robar da ke fitar da ruwa daga cikin 'yarsa, ya yi kuka kamar yaro. Ban rarrashe shi ba, ban kuma gaya masa baƙar magana ba. Kujera kawai na tura masa.

Kwana uku da aikin wata mata daga ofishin asibitin ta zo da fayil, aka sake kiran tafinta. Ta ce yaro ɗaya ba ya da afendis biyu, wa aka yi wa aikin farko? Mijina ya dube ni, idanunsa na roƙo. Na dubi Kurciya tana barci, allura a bayan hannunta. Duk abin da aka rubuta a kan Gimbiya, jininta da magungunan da jikinta ya karɓa da wanda ya ƙi, yana nan da sunan 'yata, yana jiran wata ranar.

"Yarinyar gidanmu ce," na ce. "Ba ta da kati. Ita ma da ta mutu. A cire bayaninta daga cikin na 'yata."

Na ce wa tafintar ta tambaye ta, uban da ba shi da takarda, 'yarsa na birgima a ƙasa, yaya ake so ya yi? Matar ta ce ba a mayar da yaro daga ƙofar gaggawa, aiki ake yi, takardar kuɗi ta biyo baya. Da tausayi ta faɗa. Amma takardar kuɗi adireshi take bi, adireshi kuwa shi Yaya ya shekara uku yana ɓoyewa.

Kwananmu tara aka sallame mu. Muka tarar ɗakin Yaya a buɗe, ba katifa ba labule, sai akwatin ƙarfen a tsakar ɗaki da murfinsa a gefe. Ba su bar mana sallahu ba. An kira mijina ofis sau biyu, har yanzu muna jiran abin da za a yanke a kan takardarsa. Duk sanda ya dawo gida sai ya duba akwatin wasiƙu kafin ya hau bene.

Ban riƙe su a kan ranar da suka ari katin ba. Ƙasar da ta sa wa cikin yaro farashi biyu, na mai takarda da na marar takarda, ita ta koya musu wannan dabara. Abin da ya kasa wuce min shi ne hannun da ya ja rigar 'yata ƙasa a gaban likita, da muryar da ta ce in yi haƙuri zuwa Asabar. An auna Kurciya da asirin gida, aka ga asirin ya fi nauyi, kuma duk waɗanda suka yi awon, 'yan'uwanta ne na jini. A baƙunta mutum kan ba ɗan'uwansa bakinsa da idonsa ya riƙe masa, saboda bai iya yare ba. Ni na daina. Katunan suna jakata, lambar tafinta na rubuce a bangon kicin, kuma ranar Litinin da Alhamis ina zuwa ajin koyon yare a bayan tashar bas.

Jiya ina canja mata auduga, babanta na zaune a bakin gado. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kin raba ni da ɗan'uwana."

Na ci gaba da abin da nake yi. Kurciya ta leƙa cikinta tana bin ɗinkin da yatsa, daga ƙasan cibiya har kusa da ƙugu.

"Mama, yaushe Gimbiya za ta dawo? Ina so in nuna mata nawa."

"Sai Allah ya yi."

"Nawa ya fi nata tsawo, ko?"

"Ya fi."

"Me ya sa? Ai ciwonmu ɗaya."

Na manna filasta, na gyara mata riga.

"Tambayi babanki," na ce.